Mai maɓalli, sifinin ko betkasta: wanne zaka saya in kifin bas kake nema a Amurka?

Duk ɗan uwanmu da ya ɗan zauna a Teksas ko Jojiya ko Fulorida ya san mutanen nan basu ɗauki kamun kifin bas da wasa ba, ranar Asabar tun da asuba zaka ga motoci na jan jirage sun nufi tafki, kuma har gasa ake yi ta kuɗi masu kauri tun lokacin da Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968. Toh in sha'awa ta ɗebe ka ka shiga kanti irin Bass Pro Shops ko Academy ko Walmart, abin da zai fara ɗaure maka kai shine ril, wato ɗan injin nan da ke naɗe zare a jikin sandar fatsa. Iri uku ne a jere, farashi daga dala 25 har sama da dala 300, kuma kowa ka tambaya nashi zai yaba. Akwai mai maɓalli irin Zebco, akwai sifinin wanda ke rataye a ƙasan sanda, sai betkasta wanda ke zaune a saman sanda, shi ne zaka gani a hannun ƴan gasa.

Kafin mu shiga ɗaya bayan ɗaya sai mun fara sanin wane irin jifa zaka riƙa yi, don nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Sabon shiga gani yake wanda ya fi kowa cilla koto nesa shine gwani. Ba haka abin yake ba ga bas. Shi kifin kwanton ɓauna ne, laɓewa yake a gindin itacen da ya faɗa ruwa, ko ƙarƙashin ganyen bado, ko cikin ciyawa, ko inuwar ɗan dakalin katako da ake ɗaure jirage, yana jiran ƙaramin kifi ko kwaɗo ya gifta. In ka tsaya bakin tafki kana cilla koton robanka mita 40 tsakiyar ruwa, sau da yawa ka tsallake kifin ne, yana nan mita 6 daga ƙafarka a jikin wancan kututturen.

Shi yasa masu abin suke da jifa biyu na kusa. Na farko shine jifan lilo, Amurkawa na ce masa ficin. Zaka saki zare har koton ya sauko daidai ril, ka riƙe koton da hannun hagu, ka sunkuyar da kan sanda ƙasa, sai ka saki koton kana ɗaga kan sandar sama da gaba a tare, koton ya tafi yana shawagi dab da fuskar ruwa ya sauka inda ka nufa ba tare da ya ce tanjam ba. Nisansa daga kamar mita 3 zuwa mita 10 ne, wato ƙafa 10 zuwa 30 a lissafinsu. Na biyu jifan tsomi ne, wanda suke kira filifin, shi wannan ril ɗin ma a kulle yake, zaka jawo zare da hannu tsawon damtse ka lilo koton ka tsoma shi a ɗan rami cikin ciyawa, ka ɗago ka tsoma a na gaba, bai wuce mita 4 ko 5 ba. Dee Thomas ne ya fito da shi fili daga yankin Delta na Kalifoniya inda ruwan ke cike da ciyayi dogaye, ya ci gasa da shi a tafkin Bull Shoals a 1975, daga nan kowa ya kwaikwaya. Denny Brauer kuma da ya ci babbar gasar Bassmaster Classic a 1998, da waɗannan jifa na kusa aka san shi.

Saboda haka ga ma'aunin da zan bi. Na ɗaya saiti, wato iya sauke koto a wuri mai faɗin faranti kuma a hankali, don bas na jin motsin ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa, in koto ya faɗo masa da ƙarfi a ruwa marar zurfi guduwa yake. Na biyu nisa, duka na lilon da na dogon jifa in buƙata ta taso. Na uku ƙarfin fizgo kifi daga cikin ciyawa kafin ya naɗe maka zare a reshe. Sai kuɗi, sai ƙarko, sai sauƙin koyo, sai kuma abin da ka iya ɓata maka rana.

Mai maɓalli

Wannan ba sai mun daɗe a kansa ba. Zebco 33 tun 1954 yake kasuwa kuma yaran Amurka da yawa da shi suka fara. Danna maɓalli kake da babban yatsa, ka wurga, ka saki, shikenan, cikin minti goma yaro ɗan shekara bakwai ya iya. Ril da sanda a haɗe zaka samu tsakanin dala 25 zuwa 40, har da zarensa a ciki. Zaren baya cukurkuɗewa a waje don a rufe yake cikin ƙoƙo, amma fa in ya cukurkuɗe a ciki sai ka kwance murfin.

Matsalarsa a jifan lilo ita ce baka taɓa zaren da yatsa, ko dai maɓallin na sake zare na gudu, ko ka danna ya tsaya cak, babu tsaka-tsaki sosai, toh koton ko ya wuce wurin ko ya faɗo da ƙara. Ga shi naɗinsa a hankali, juyi ɗaya na hannu kusan juyi 4 ne a ciki, kuma an yi shi ne don zare siriri mai ɗaukar kamar laba 10. Bas mai kilo 2 ya shige cikin bado da wannan zaren, sai dai ka yi masa fatan alheri. Ƙarko ba laifi in kana wanke shi kana busarwa, amma na araha yawanci kayan cikinsu ba masu jure wahala ba ne.

Sifinin

Shi wannan kwarkwaron da zaren ke naɗe a kai baya juyawa lokacin jifa, zaren ne ke warwarowa da kansa, shi yasa koto marar nauyi ma yana tafiya. Zaka buɗe ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa, ka tare zaren da manuniya, ka jefa ka saki. Rana ɗaya ta ishe ka ka iya. Kuɗinsa akwai sauƙi, Shimano Sienna wajen dala 30 zuwa 40, Pflueger President wajen dala 60 zuwa 80, ka haɗa da sanda mai ƙafa 7 matsakaiciyar tauri, in mai arahar ka ɗauka duka-duka dala 100 ta rufe maka komai har da zare.

Mutane da yawa zasu ce maka ba a jifan lilo da sifinin, gaskiya ana yi, kawai dai dabara ce daban. Da koton ya kusa wurin sai ka ɗora manuniyarka a leɓen kwarkwaro ko ka tare zaren da tafin hagu a hankali don ya rage gudu, sannan ka rufe ƙarfen da hannu, kar ka rufe shi ta hanyar juya mariƙi don hakan ne ke jawo zare ya riƙa murɗewa. Saitinsa bai kai na betkasta ba, musamman in kana so ka yi jifa ɗari biyu a yini, buɗe ƙarfe da rufe ƙarfe yana cin lokaci yana gajiyarwa. Amma akwai inda ya fi betkasta nesa ba kusa ba, wato koto mai sauƙin nauyi, ƙasa da giram 7, irin tanar roba da ba a sa mata dalma, da kuma sulala koto a kan ruwa ya shige ƙarƙashin dakalin jirage inda inuwa take. Da betkasta wannan sai gwani, da sifinin kuwa sati ɗaya ka fara samu.

Sannan ka tuna yawancinmu ba mu da jirgi. Jirgin bas sabo ya fi wata motar tsada, mu daga gaɓa muke tsayawa, a ƙananan tafkunan unguwa ko wuraren shaƙatawa, ga rassan itace a kanka ga iska na buso maka a fuska. A irin wannan wurin sifinin ya fi yafiya, ko ka jefa cikin iska bazai yi maka cunkus ba kamar betkasta. Inda yake gazawa shine ciyawa mai kauri, don zare mai kauri musamman fulorokabon (wani zaren roba mai tauri wanda baya ganuwa sosai cikin ruwa) mai laba 17 ko 20 baya zama lafiya a kan kwarkwaronsa, tsalle yake yana fitowa. Maganin shine ka sa zaren kitso, wato wanda aka kitsa da siraran zaruruwa, mai laba 15 zuwa 30 sannan ka ƙulla guntun fulorokabon a gaba, da wannan zaka iya da bado da ciyawa tsaka-tsaki. Abin lura da zaren kitso shine in ka cika kwarkwaron maƙil ko ka naɗe shi sako-sako, zai yi ƙulli a iska wanda sai almakashi. Ƙarko kuwa, na dala 60 zuwa sama in baka tsoma shi cikin yashi ba kana ɗiga masa mai, shekaru zai yi maka.

Betkasta

Nan ne maganar take da tsawo. Shi kwarkwaronsa juyawa yake lokacin jifa, kuma babban yatsanka na zaune a kansa tun daga farko har ƙarshe, toh kai ne birki. Koton na tafiya kana ɗan shafa kwarkwaron, ya kusa wurin ka ƙara dannawa kaɗan, ya zo daidai ka tsayar kana ɗan ɗaga kan sanda, sai ya shiga ruwa sulum kamar an ajiye shi da hannu. Babu ril ɗin da ke baka wannan ikon. Ga shi da hannu ɗaya kake danna sakin zare, ka naɗo ka sake jefawa cikin daƙiƙu kaɗan, wanda ke bin gaɓa a jirgi yana jifa jikin kowane kututture wannan saurin shine ribarsa. Yana ɗaukar zare mai kauri ba gardama, fulorokabon laba 15 zuwa 20 a wajen itace, zaren kitso laba 50 zuwa 65 a ciyawa mai kauri irin ta tafkin Okeechobee ko Guntersville, ka haɗa da sanda mai tauri ƙafa 7 zuwa 7 da rabi. Koton da ya fi dacewa da lilo shine jig, wato ƙugiya mai kan dalma da gezar roba, mai giram 10 zuwa 14, ko roba mai siffar ƙaguwar ruwa da aka soke ƙugiyar ta ɓuya a jikinta don kar ta kama ciyawa. Ka nemi mai saurin naɗi, 7 zuwa 1 ko sama, wato juyi ɗaya na hannu juyi 7 a ciki, saboda kifi kan ɗauki koto ya nufo ka, kana buƙatar kwashe ragowar zaren da sauri kafin ka fizga.

Af, tunda na ambaci jig, a kula. Tun da can akwai wata wutsiya da ake maƙala masa wadda da fatar alade ake yin ta, cikin ƴar kwalba mai ruwan gishiri take zuwa, kamfanin Uncle Josh ne ya shahara da ita. Yanzu roba ta mamaye kasuwa amma in ka ga wutsiya a kwalba ka karanta rubutun kafin ka sa hannu.

Toh ina illar betkasta? Cukurkuɗewa. In kwarkwaron ya fi koton gudu, ko koton ya daki reshe ya tsaya shi kuma yana ci gaba da juyawa, zaren zai tashi ya yi cunkus wanda wani sa'in minti ashirin kana tsifa, wani sa'in sai dai ka yanke ka zubar da zaren dala 15. Babu wanda wannan baya samu, har ƴan gasa. Akwai maɗauri a gefen mariƙi da kuma birki na maganaɗisu ko na ƴan ƙananan tubala masu zamewa a ɗaya gefen, sabon shiga sai ya ƙara su sosai ya riƙa ragewa a hankali. Sai dai ga inda gizo ke saƙar, jifan lilo yana son kwarkwaro a sake, in ka ɗaure shi da yawa koton zai riƙa tashi sama yana faɗowa kusa da kai maimakon ya bi fuskar ruwa. Wato jifan da ka sayi ril ɗin dominsa shine wanda ya fi buƙatar yatsanka ya ƙware, kuɗi bazai saya maka wannan ba. Shimano suna da masu birkin lantarki da suke kira DC, suna rage cunkus sosai a dogon jifa da cikin iska, amma a lilon mita 7 yatsa ne dai.

Hanyar koyo ba a ruwa take ba. Ka sami bokiti ka ajiye a bayan gida ko filin ajiye motoci, ka ɗaura jig ɗin da ka yanke wa ƙugiya, ka fara daga mita 4, in kana saka bakwai cikin goma ka ja baya mita 6, haka har mita 9, ka tsaya a kan wani abu mai ɗan tudu don ya yi kama da gaɓa ko jirgi. Minti 15 kullum na sati biyu ko uku ya fi yini guda a tafki kana ɓacin rai. Kuma in kai na-dama ne ka gwada mai mariƙi a hagu, sanda ta zauna a damanka ko yaushe, don bas sau da yawa koton na cikin nitsewa yake cafkewa, in kana musayar hannu a lokacin ya wuce ka. Bayan koton ya shiga ruwa ka bar zaren da ɗan sassauci ya sauka a miƙe, idonka a kan zaren, ya yi ɗan zillo ko ya fara tafiya gefe toh kifi ne.

Kuɗi: Abu Garcia Black Max a da wajen dala 50 zuwa 60 ake samunsa, Shimano SLX wajen dala 100, Daiwa Tatula da Shimano Curado daga dala 150 zuwa sama da 200. Shawarata kar ka sayi betkastan dala 25 marar suna, a nan araha bata ado, birkinsa ne zai sa ka tsani abin gaba ɗaya. Sanda mai kyau kuma wata dala 60 zuwa 100. Wanda jikinsa alminiyom ne yafi jure fizgar ciyawa, kuma ana samun kayan gyaransu.

| Ma'auni | Mai maɓalli | Sifinin | Betkasta |
|---|---|---|---|
| Kuɗin ril da sanda | dala 25 zuwa 40 | dala 60 zuwa 150 | dala 110 zuwa 300 |
| Saitin jifan lilo | rauni | da dama | babu kamarsa in ka iya |
| Dogon jifa | gajere | mai kyau, har da koto marar nauyi | mai kyau da koto mai nauyi |
| Koto ƙasa da giram 7 | yana yi | nan ya fi ƙarfi | wahala |
| Ciyawa mai kauri | a'a | tsaka-tsaki | aikinsa kenan |
| Lokacin koyo | mintuna | kwana ɗaya | makonni |
| Ƙarko | kaɗan zuwa matsakaici | mai kyau | mai kyau sosai |
| Abin da ke ɓata rai | tsinkewar zare | murɗewa da ƙulli | cunkus |

Game da nisa, ruwan ne ke gaya maka inda zaka tsaya ba ril ba. In ruwan ya yi jawur ko ciyawa ta rufe shi, kifin baya ganinka, ka matsa har mita 3 ko 4 ka yi tsomi. In ruwan garau yake kana hango ƙasa, shi ma yana hangoka, ka ja baya mita 9 ko 10 ko ma ka koma dogon jifa daga gefe. Lokacin bazararsu, wajen Maris da Afirilu a kudu, in ruwa ya ɗumama ya kai kamar digiri 16 zuwa 20 bas na fitowa gaɓa don yin ƙwai, nan ne mai tsayuwa a ƙasa yake samun rabonsa da jifan kusa. Kuma duk yadda zaren ya yi tsawo haka ƙarfin fizgarka ke raguwa, musamman zaren roba na gama-gari mai miƙewa, a mita 35 zaka fizga ƙugiyar bata shiga ba.

Haɗari kuma akwai wanda ya shafi kowa ko wane ril ka riƙe. In koto ya maƙale a reshe kar ka ja shi kai tsaye saitin fuskarka, dalma ko ƙarfen tongstin mai giram 14 in ya kuɓuce da ƙarfi yake dawowa, ka sa tabarau ko yaushe, dama yana taimaka maka hango cikin ruwa. Zaren kitso kar ka naɗa a yatsa ka ja, yanka yake, ka naɗa a guntun itace. A Fulorida da Luwiziyana da gabashin Teksas akwai kada a ruwan, da macizai a ciyawar gaɓa, jifan kusa yana kai ka daidai inda suke. Sannan lasin, kowace jiha da nata, a Teksas na ruwan daɗi wajen dala 30 ne a shekara ga mazaunin jihar, kuma a cikin wuraren shaƙatawa mallakar jihar ana kamun kifi ba tare da lasin ba. Su yawanci sakin bas suke bayan sun ɗauki hoto, mu kuma na san tukunya muke hange, doka bata hana ba amma akwai iyaka, a Teksas ƙa'idar gama-gari guda 5 ne a rana kuma kar ya gaza inci 14, wasu tafkunan kamar Fork suna da tasu dokar daban, ka duba kafin ka sa a kula.

Toh wa zai sayi me? In yara zaka fita da su sau biyu ko uku a shekara, ko kawai kana so ka gwada ka ga ko abin zai shiga ranka, ɗauki Zebco ka huta, ko ya lalace baka yi asara ba. In kai mai tsayuwa a gaɓa ne, lokacinka Asabar ko Lahadi bayan aiki, kuma sanda ɗaya kake so ta yi maka komai har da tarwaɗa da ƙananan kifaye, sifinin mai lambar girma 2500 ko 3000 da sanda ƙafa 7 da zaren kitso laba 20, wannan nake ganin ya dace da takwas cikin goma na ƴan uwanmu a nan. In kana da ɗan kwale-kwalen kayak ko abokin da ke da jirgi, ko tafkin da ke kusa da kai cike yake da bado da itatuwa kamar Sam Rayburn ko Toledo Bend, kuma ka san zaka iya tsayawa gaban bokiti na sati biyu, sayi betkasta na wajen dala 100 da sanda mai tauri. Wanda kuma yake da sifinin tuntuni kuma kifi na yawan tsinke masa zare a ciyawa, kar ya sayar da shi, ya ƙaro betkastan a matsayin na biyu, sifinin ya riƙe tanar roba, betkasta ya riƙe jig.